Minti Goma, Ba Kallon Juna

Doka uku Malama Kangyang ta rubuta da alli:
kada ku taɓa juna,
kada ku dubi juna,
kada ku wuce minti goma.
Saura kuma, in ji ta, tsakaninku da maƙogwaronku.

Ni Tasi'u, daga Unguwar Rogo,
shi Dachung, daga Gyel, can wajen Bukuru.
Wata biyu muna tsaye kafaɗa kusa da kafaɗa
a ɗakin ajiyar tsintsiya da karyayyun kujeru,
muna yi wa bango ɗaya magana.

Labarin na mahaƙa kuza ne su biyu
da rami ya rufta da su a zamanin kakanni.
Shafi arba'in ne, muka yi ta yanka
har ya koma shida.
Na roƙi a bar min na tara,
inda mai fitila ke tuna 'yarsa,
Malama ta ce agogo bai san tausayi ba.

Ba fitila, ba diga, ba kayan wasa,
sai farar rigar makaranta da hannu wofi.
Hannuna ya koyi nauyin abin da bai riƙe ba.
In na ɗaga digar iska na sari gabana,
sai Dachung ya sunkuya a gefena
kamar ƙasar ta zubo masa a ƙeya.

Ranar gasa ruwan Agusta ya sauka kan kwanon zaure
kamar ana zazzage buhun tsakuwa.
Kafin mu, wata yarinya daga Pankshin
ta zama mutum biyar ita kaɗai:
direba, kwandasta, ɗan sanda,
tsohuwa mai kaza, da kazar ma kanta.
Alƙalai suna share hawayen dariya da bayan hannu.
Cikina ya ɗuri ruwa.

Aka kira lambarmu.
Na zaɓi wata ƙusa a bangon baya,
na mai da ita fuskar abokina.

Minti na bakwai,
wurin da zai ce, "Kana nan kuwa?"
Shiru.

Ban juya ba. Doka ce.
Amma na san numfashinsa
yadda na san tarin babana ta bayan ƙyaure.
Na ji ya maƙale masa a wuya,
ya ƙi hawa, ya ƙi sauka.
Mai riƙon agogo ta ɗaga yatsu uku.
Ruwa bai fasa dukan kwano ba.

Sai na ƙwanƙwasa iskar gabana sau biyu,
na aro muryar tsohon da ban taɓa gani ba:
"Ina nan.
Ko ba ka tambaya ba, ina nan."
Babu wannan a shafi shidan.
Can ƙarƙashin ƙasar da babu ita
na ji ya ja iska,
ya lalubo bakin zaren, ya ci gaba.

Na uku muka zo.
Wani alƙali ya rubuta da jan biro:
"An ƙara maganar da marubuci bai yi ba."
Malama ta karanta sau biyu,
ta ninke, ta tura cikin jaka,
ba ta ce uffan ba,
ta saya mana gwate mai ƙona harshe.

A Taminus za mu rabu,
kekensa kudu, nawa arewa,
kowa da hanyar da iyayensa suka ce ita ce lafiyayya.
Ruwa ya tsagaita, kwata tana gudu da bawon lemo.
Ya miƙo hannu, na riƙe,
ba wanda ya cire mana maki.

A nan na dube shi sosai.
Ashe yana da tabo a girar hagu,
siriri, kamar an ja da farce.
Wata biyu ina ceton mutumin nan daga rami,
ban sani ba.